Hajiya ta ce a jefar da magenmu kafin Sallar layya

Anti, barka da aiki. Ina aure a Jekadafari cikin Gombe, gida ɗaya muke da mahaifiyar maigida da ƙannensa biyu. Muna da mage wadda 'yata mai shekara 7 ta tsinto tana 'yar mitsitsiya a bakin kwata, yanzu ta kai shekara ɗaya da rabi. Sauran ranaku lafiya lau muke da ita, ɓera ma ya ƙaurace wa sitonmu. Amma Sallar layyar bara ta nuna mana hali. Daren jajibere ta kwana a kan geznar maigida da aka karɓo daga wurin guga, har ta ja zare a aikin wuyan. Ta haye labulen falo ta dire cikin robar cincin. Ta ture kaskon turaren wuta, Allah ya taƙaita, kafet ne ya ɗan ƙone. Ta wuni tana dambe da igiyar rago. Hajiya na lazimi ta warce carbin ta shige ƙarƙashin gado da shi. Babbar ita ce ta hanta: an gasa an yanka wa Hajiya nata a faranti, ta juya tana amsa gaisuwar baƙi, mage ta yi awon gaba da shi. Ni kuma wallahi dariya ta kufce mini a gaban mutane.

Yanzu Sallah ta ƙarato, Hajiya ta ce a saka kuliyar nan a buhu a kai ta bayan kasuwar Tike a yar, ƙanin maigida kuma ya ce in ba a yi ba zai zuba mata fiya-fiya a kifi. Hajiya ta ƙara da cewa bai dace mai ciki ta zauna da mage ba (cikina wata 5), kuma guje-gujen da take yi da dare ba na lafiya ba ne, akwai abin da take gani. Maigida ya ce mu ƙarata can, shi ba ruwansa. Yarinya kullum kuka. Anti ya zan yi?

Ƙanwata, ni ma na yi dariya da na karanta wasiƙarki, sai dai ni a ɗakina na yi, babu Hajiya a kusa, babu baƙi. Daga nan zan fara, don a ganina nan ne ciwon yake.

Hantar ragon layya ƙaramin abu ce a faranti, amma kin san matsayinta a gidajenmu. Ita ake fara gasawa, kuma babban gida ake fara miƙa wa. Tsohuwa tana zaune cikin baƙinta, dabba ta ɗauke rabonta, ta ɗaga ido ta ga matar ɗanta na ƙyaƙyata dariya. Ba za ta iya cewa a saka ki a buhu ba, shi ya sa hukuncin ya faɗa kan mage. Ki lura kuma, shekara guda ta yi tana ganin magen nan a tsakar gida ba ta ce a yar da ita ba, sai da Sallah ta sake ƙaratowa abin ya dawo mata sabo. A wasiƙarki kin lissafa laifin mage har guda 6, ban ga inda kika ce kin je kin ba Hajiya haƙuri ba. In kin yi kin manta ba ki rubuta ba, to ki sake. In ba ki yi ba, yau ɗin nan bayan la'asar ki shiga ɗakinta ke kaɗai, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, abin da ya faru bara ya tsaya mini a rai, dariyar nan rashin hankali ne, ki yafe mini." Kada ki ambaci mage a wannan zaman ko sau ɗaya. In kika haɗa ban haƙuri da roƙon alfarma a zama guda, za ta gane ciniki kika zo yi. Ki bar kwana biyu su wuce.

To, sai ita magen. Duk abin da kika lissafa babu wanda ya ba ni mamaki. Da farko ki yi lissafin shekarunta: bara da Sallah watanta 6 ne ko kusa da haka, lokacin da ƙuruciya ke kanta, duk abin da ya motsa sai ta kai masa cafka. Mage mai shekara ɗaya da rabi ta fara natsuwa, ko ba ki yi komai ba ɓarnar bana ba za ta kai ta bara ba. Sannan ki dubi yadda gida ke komawa ranar Sallah. An kawo wata ƙatuwar dabba an ɗaure a tsakar gidan da take ganin nata ne, igiya na jan ƙasa tana wutsil-wutsil. An sauya labule, an kawo kaya masu sabon ƙamshi, ƙofa a buɗe mutane na shiga da fita, jini da nama ko'ina. Mage kuwa maharbiya ce tun asali, cikinta nama aka halitta masa, hancinta kuma ya fi namu nesa ba kusa ba. Igiyar rago da carbin Hajiya duk abu ɗaya ne a idonta, dogon abu siriri mai motsi kamar jelar ɓera. Gezna kuma da ɗumin guga a jikinta, an shimfiɗa ta a kan gado, ina mage za ta sami wurin kwana da ya fi wannan? Zaren da ta ja ma ba da gangan ba ne, in mage ta ji daɗin wuri takan riƙa tattaka shi da ƙafafun gaba tana fito da farce. Hanta a buɗaɗɗen faranti a ƙasa kuwa, ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Guje-gujen dare da Hajiya ke zargi, haka jinsinsu yake a ko'ina cikin duniya. Mage na barcin awa 12 zuwa 16 a yini, ƙarfinta kuma yana tashi ne da magariba da kuma gab da asuba, lokacin da ɓeraye ke fitowa. Ƙyallin idonta a duhu wani shimfiɗi ne a bayan idon da ke mayar da haske, shi ke taimaka mata gani da dare, akuya da kare ma suna da shi. Amma kada ki je ki yi wa Hajiya wannan darasin. Ki dai sa 'yarki ta yi wasa da magen sosai bayan magariba har ta gaji, a ba ta abinci, za ki ga ta lafe.

Abin da ya fi tsorata ni a wasiƙarki kaskon turaren nan ne. Garwashi a kan kafet, a gidan da ke cike da yara da sababbin labulaye, ba abin dariya ba ne. Haka kuma ranar suya. Tukunyar mai na tafasa a kan murhu, mace na ɗauke da matsami cike da nama, mage ta gitta tsakanin ƙafafunta. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa magen nan ta bar tsakar gida a ranakun aikin nama, ko da Hajiya ba ta ce uffan ba.

Saboda haka ki ware mata ɗaki. Naki ne ko wani ɗan ɗakin da ba a shiga, in dai iska na ratsa shi, don kin san zafin Gombe. Ki saka mata ruwa, da abinci, da faffaɗar roba cike da yashi don bayan gida, da kwali babba ta shige ciki, su da kwali sai Allah. Ki fara saba mata tun mako guda kafin Sallah: nan za ta riƙa cin abinci, nan za a riƙa rufe ta na awa ɗaya ko biyu. In kika jira sai safiyar Idi kika jefa ta ciki kika ja ƙofa, za ta wuni tana kuka tana karce ƙyaure, Hajiya ta ce ga shi nan dama na faɗa. Daga yanka har a gama gyaran kayan ciki tana ciki. Da dare in an rataye gangar rago ta kwana ta tsane, tana ciki. Washegari da ake yayyanka nama ana suya, tana ciki. In an kwashe an rufe, an share wuri, sai a buɗe mata. Ranar hawa kuma, ko duk lokacin da yaran unguwa suka fara fasa nokawut, ki mayar da ita, don ƙara na firgita su, wata in ta ruga sai a yi kwanaki ba a gan ta ba.

Na san wani zai ce ai kulle mage zunubi ne. Hadisin da ake nufi yana cikin Bukhari da Muslim, na matar da ta shiga wuta saboda mage. Abin da ta yi shi ne ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ta ci ba, har ta mutu. Wadda aka ajiye da ruwa da abinci na 'yan awanni don kada mai ya ƙona ta ba ta shiga wannan ba. Wadda aka ɗaure wa bakin buhu aka yar a bayan kasuwa ita ce ta fi kusa da shi, balle wadda aka ba guba da gangan. Game da tsarki kuwa, tunda ta taɓa carbi kuma na san tana hawa sallaya, akwai hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa ta Imam Malik: ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya ce Annabi (SAW) ya faɗa cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninku. Fitsarinta da kashinta kam a wanke. Waɗannan ma ba a bakinki ya kamata Hajiya ta ji su ba. Suruka ba ta karɓar wa'azi daga matar ɗanta, ko da gaskiya ne. Maigida ne zai faɗa, cikin hira, kamar wani abu da ya ji a wurin karatu.

Shi ma maigidan ina da magana da shi, ki karanta masa wannan. Malam, "ku ƙarata can" ba amsa ba ce a gidan da ƙaninka ke maganar zuba guba a abinci. Ka bar batun mage ma tukuna. Kifi mai fiya-fiya a ajiye a tsakar gidan da yarinya 'yar shekara 7 ke wasa, ranar da 'ya'yan dangi ke rarrafe ko'ina, kaji na tsattsaga, mata na aikin nama da hannu? Irin wannan maganin ƙwarin yana shiga jiki ta fata da numfashi ma, ba sai an ci ba. Ka kira shi gefe ka kashe maganar yau, kai ne babba. Matarka ba ta da bakin da za ta tsawata wa ƙaninka, kai kana da shi.

Mu koma kan abinci, don a nan masu son mage ke cutar da ita da hannunsu. Mage mai yunwa ce ke sata da ƙarfin hali, saboda haka ki ƙosar da ita tun da safe kafin wuƙa ta hau wuyan rago. In an yanka, ki cire mata ɗan tsoka ki dafa da ruwa zalla, babu gishiri, babu magi, babu yaji. Albasa da tafarnuwa guba ne gare ta, ɗanye ko dafaffe ko garinsu, suna lalata ƙwayoyin jininta, kuma alamar ba ta fitowa nan take, sai bayan kwanaki ki ga ta yi laushi, dasashinta ya yi fari. To soyayyen naman Sallah da dambun nama da romon kai duk da su ake yi, kada yara su riƙa jefa mata. Hanta kaɗan ba laifi, amma kada ta zama abincin kullum. Kitse mai yawa yana sa ta zawo, haka madara, yawancin manyan maguna cikinsu ba ya narkar da ita duk da suna so. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya soke ta a maƙogwaro ko hanji. In kuma ta yi rashin lafiya, don Allah kada kowa ya ce bari a ɓallo mata farasitamol. Hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta manya tana iya kashe ta. Likitan dabbobi za a kai ta.

Akwai wani haɗarin da mutane ba su cika sani ba, shi ne zare. Lokacin Sallah gida cike yake da shi: zaren da tela ya bari a jikin kaya, ribom ɗin kitson yara, robar ɗaure gashi, igiyar ledar da aka ɗaure nama da ita, tsinkakken carbi. Harshen mage yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon ciki, in zare ya shiga bakinta da wuya ta iya tofar da shi, sai dai ta haɗiye. A ciki yakan tattare hanji har ya yanka shi. In kika ga zare na leƙowa ta bakinta ko ta bayanta, kada ki ja, a tafi asibitin dabbobi. Wasa da igiya ba laifi in hannun mutum na riƙe da ɗaya bakin. Ki samo wa 'yarki kara, ta ɗaura tsumma ko gashin kaza a kai ta riƙa ja mata, in an gama a ɗaga. Ki naɗe wani guntun itace da buhun algarara ki jingina a inda take yawan zama, ta samu wurin wasa farce, labule ya huta. Kayan Sallah kuma daga wurin guga sai cikin wadirof, a rufe. Yi mata duka bayan ta riga ta yi ɓarna ba ya koya mata komai, ba ta haɗa dukan da abin da ta yi ɗazu, tsoronki kawai za ta koya.

Maganar cikinki, a nan Hajiya tana da gaskiya fiye da yadda kike zato, kuma ki faɗa mata hakan da bakinki. Akwai cutar da likitoci ke kira toksoplasma, ƙwayarta na fita a kashin mage, in mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki tana iya taɓa jaririn. Amma shafa mage ko zama gida ɗaya da ita ba shi ne hanyar kamuwa ba. Kashin ne, kuma ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum. Don haka a riƙa zubar da yashin kullum, kuma ba ke za ki yi ba, ba kuma 'yar shekara 7 ba. Maigida ne ko wani babba, ya wanke hannu da sabulu. Ɗaya babbar hanyar kamuwa da cutar ita ce naman da bai dahu sosai ba, na rago da na akuya suna ciki. Ke da za ki wuni hannunki cikin ɗanyen nama, ki kula da wannan fiye da magen: kada ki kai hannu baki ko ido kina aiki, ki wanke wuƙa da faranti, kada ki ɗanɗana gashin da cikinsa ke da ja. Shi ya sa ma na ce a dafa wa magen nata, don ta ɗanyen nama da ɓera ita ma take ɗauka. Ki gaya wa ma'aikatan awo cewa kuna da mage a gida.

Kafin Sallah a kai ta asibitin dabbobi a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, don mage ma tana ɗauka tana kuma bayarwa, a ba ta maganin tsutsar ciki. In ta ciji wani yaro ko ta yaƙushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti. Ki tambayi likitan batun aikin hana ta haihuwa. Ba ki ce ta taɓa haihuwa ba, to a shekarunta ko yau muzuru ya gitta an gama, cikinsu mako 9 ne kacal. Hajiyar da ke faɗa a kan mage ɗaya, ki ƙiyasta ranar da za ta buɗe kwandon kayanta ta tarar da 'ya'ya huɗu.

In kin yi ban haƙurin, kin shirya ɗakin, sai maigida ya je wa mahaifiyarsa da roƙo ƙarami: a ba magen wannan Sallar kawai, in ta sake taɓa wani abu nata, shi da kansa zai fitar da ita. Ya tuna mata yadda ɓera ke yi wa buhun masara da shinkafa kafin zuwanta. Ranar Sallah kuma ke da hannunki za ki gasa hanta, ki zuba a kula mai murfi, ki kai mata har ɗaki.

Zai yiwu duk a yi wannan ta ce ita dai a'a. To gidan ɗanta ne, ita ce babba, kuma ba zan ba ki shawarar ki ɗaga rigima da uwar mijinki da cikin wata 5 a kan mage ba. Abin da ba za a yi ba shi ne buhu da guba. Magen da ta tashi a ɗaki ba ta san kan titi ba, ga karnuka, ga motoci, ga yara da duwatsu. Ki nemo mata gida tun yanzu, kada ki jira sai rai ya ɓaci. Gidanku in suna cikin gari shi ya fi, yarinya ta riƙa zuwa tana ganin abarta. In ba haka ba, masu shagon hatsi da masu sito kullum neman mage mai kama ɓera suke, ki sa maigida ya samo wanda ya sani zai ba ta ruwa da abinci. Duk wanda ya karɓa ya rufe ta a ɗaki na mako biyu tukuna, in ba haka ba za ta kamo hanyar Jekadafari. 'Yarki kuma a gaya mata gaskiya, a tafi da ita ta ga inda aka kai ta. Kada a ce mata ta ɓata, don za ta yi ta leƙa kwatocin unguwa tana nema.